Motar Ja'afaru da Shingen Lalle

Ina tsugune a zauren gidanmu ina juya ganyen lallen da na shanya a kan tabarma, sai wayata ta yi ƙara. Da hantsi ne, ranar Laraba. Da na ga sunan Abdulkabir direba, sai da na goge hannuna a jikin riga kafin na ɗauka, domin na san daga asibitin Kano yake kira.

"Sama'ilu," ya ce. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. "Sai haƙuri. Ja'afaru lokaci ya yi. Yanzun nan."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sake faɗa. Ban san lokacin da ya kashe wayar ba. Na dai tsinci kaina ina ci gaba da juya ganyen, saboda shi ne aiki na ƙarshe da abokina ya sa ni.

A ƙauyenmu, gabas da Minjibir, in aka ambaci Ja'afaru motarsa ake fara tunawa, har wasu su yi murmushi kafin su ce Allah Ya jiƙansa. Ba na ganin laifinsu. Amma ina so a san dalilin da ya sa ya sayi motar nan, da abin da ta jawo masa.

Tare muka tashi. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, daga nan ni na koyi ɗinki, shi kuma ya bi motar haya da ke zuwa Kano yana yaron mota. A can ya iya tuƙi. Da mahaifinsa ya rasu sai ya bar tasha ya dawo gona, don shi ne ɗan fari, kuma babu mai riƙe mahaifiyarsa Inna Fadima sai shi. Yana noman gero da dawa da gyaɗa, yana kuma kiwon shanu na turka. Ban taɓa ganin mai kunya irinsa ba. In ka taka masa ƙafa a kasuwa, shi zai fara ce maka sannu. Bai taɓa cin abinci a bakin hanya ba, ko da yunwa za ta kayar da shi. Ranar da aka ɗaura masa aure da Luba, sai da muka neme shi muka rasa, ashe yana bayan rumbu ya ɓuya.

Luba 'yar Malam Auwalu ce, dattijon da gidansa ke bakin titin birji. Gidan su Ja'afaru kuwa yana can ciki, tsakiyar gonaki. A wajenmu babu fili da ba shi da mai shi. Gona tana manne da gona, abin da ya rage tsakaninsu shi ne hanya. Hanyar gidan su Ja'afaru daga ƙofar Malam Auwalu take tashi, ta bi gefen gonarsa, ta yi kwana a bakin wani kududdufi mai zurfi. A daidai kwanar nan, hagu rami ne, dama kuma shingen lalle ne. Gwaggo Aina'u, matar Malam Auwalu, ita ta dasa shi tun kafin a haifi Luba. Duk amaryar da aka yi a unguwarmu da shi aka yi mata ƙunshi, ragowar kuma ta aika kasuwar Gezawa.

Shekarun baya Inna Fadima ta faɗo daga kan babur, ƙugunta ya taɓu. Tun daga nan tafiya ta gagare ta, sai dai daga ɗaki zuwa tsakar gida da sanda. Likita ya ce a riƙa kawo ta Kano ana dubawa. Sau ɗaya Ja'afaru ya shimfiɗa mata katifa a cikin kura, ya turo ta zuwa titi. Da suka iso ƙofar Malam Auwalu, aka yi rashin sa'a dattawa na zaune. Ba wanda ya yi dariya, gaishe ta ma suka yi. Amma ta ja mayafi ta rufe fuskarta har suka shiga motar haya, da suka dawo kuma ta ce ita da asibiti har abada, ba za a sake turo ta kamar buhun taki ta gaban surukanta ba. Ya ce to ya goya ta. Ta ce wannan ya fi muni.

Daga ranar nan Ja'afaru ya sa mota a ransa. Bai gaya wa kowa ba sai ni. Ya turke bijimai biyu ya yi ta ɗura musu harawa da dusa, ya riƙe gyaɗarsa bai sayar da kaka ba. Da lokaci ya yi ya sayar da su gaba ɗaya, ya zo shagona da yamma ya ce, "Mutumina, gobe ka rufe keken nan, za ka raka ni birni."

Muka ɗauki Abdulkabir, abokinsa tun zamanin tasha, don shi ya san kan inji. A wurin masu sayar da motoci na hannu wani dillali ya tare mu, ya riƙa kiran Ja'afaru Alhaji, shi kuwa yana ta sunkuyar da kai yana cewa bai je ba tukuna. Ya nuna mana wata ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, ruwan toka, fentinta ya ɗan koɗe a saman rufi.

"Wannan wata likita ce take hawanta," in ji dillalin. "Daga gida sai ofis. Ko Wudil ba ta taɓa zuwa ba."

"Ai duk motocin Kano likita ce ta hau su," Abdulkabir ya ce. "Buɗe mana inji, Malam."

Ya duba mai, ya sa aka tayar da ita ya tsaya a baya yana kallon hayaƙi, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashinta, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, ya gwada lambar jikinta da ta takarda. Ja'afaru kuwa bai ko kalli injin ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba ta gefen fasinja, ya wangale ta iya buɗuwarta. Ya juya baya ya zauna a hankali, ya ɗago ƙafa ɗaya da hannu ya shigar, sannan ɗayar, yadda Inna za ta yi. Ya laluba gefen kujerar ya kwantar da ita, ya tayar, ya sake kwantarwa.

"Alhaji, sitiyarin fa yana wancan gefen," dillalin ya ce.

"Na gani," Ja'afaru ya ce. "Wannan kujerar na zo saya."

Mun duba komai a jikin motar nan. Mu uku, duk haifaffun wannan ƙasa, ba wanda ya tuna da faɗin hanya. Mun saba bi da ƙafa da babur da jaki, har adaidaita sahu ta taɓa shiga ranar wani suna, sai muka ɗauka hanya hanya ce. A kan titi muna dawowa Ja'afaru ya kira Luba ya ce ta gaya wa Inna ta shirya, yau za a zagaya da ita har Minjibir ta sha iska.

Da la'asar muka iso. Mutane suka fito. Ja'afaru ya karya kan motar ya shiga hanyar gidansu a hankali, jama'a na biye da mu. Har muka isa kwanar kududdufi. Madubin dama ya nutse cikin lalle, rassa suka fara kartar ƙofa. Ya ɗan kauce hagu, sai Abdulkabir ya daka tsawa ya ce ya tsaya. Na leƙa ta taga na ga tayar gaba a kan leɓen rami, ƙasa tana zubewa ƙarƙashinta. Daga nan ana hango katangar gidansu.

Ba wurin juyawa. Haka ya dawo da baya-baya duk tsawon hanyar, Abdulkabir na tafe yana masa alama da hannu, mutane na matsawa suna ba shi wuri. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Inda hanyar ta ƙare kuwa ita ce ƙofar Malam Auwalu, ga shi zaune a kan buzunsa yana kallo. Ja'afaru ya fito, ya tuɓe takalma, ya je ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Allah Ya sa alheri," dattijon ya ce. "Allah Ya tsare hanya. A ajiye ta nan gindin darbejiya, akwai inuwa."



Na raka Ja'afaru gida da ƙafa. Muka tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinta, sanye da sabuwar atamfarta, ta riga ta cire mayafin ta ninke a cinya. Labari ya riga mu isowa. Ba ta kalle shi ba, don ba ta cika kallon ɗan farinta ido da ido ba, sunansa ma ba ta faɗa.

"Ai na ji ƙararta daga nan," ta ce da ni. "Ka gaya wa yaron nan muryarta da daɗi."

Ja'afaru ya juya ya fita. Na same shi a bayan gida wajen turakun da babu shanu, yana tsaye kawai.

Daga nan zolaya ta fara. A wurin mai shayi wani ya ce Ja'afaru ya saya wa surukinsa mota, irin wannan suruki kowa ma yana so. Wani ya ce lefen Luba ne ya makara a hanya. Wani ya ce a kira makanike ya kwance ta, a kai gida a kwando, a sake ɗaurawa a tsakar gida. Ba da mugunta suke yi ba, shi ma yakan yi murmushi, amma kafin wata ya ƙare ya daina zuwa shan shayi. Ni ma na daina, don in an tsokane shi har da ni ake yi, ni ne ɗan rakiyar da ya je birni da idanu biyu.

Abin da ya fi damunsa shi ne wurin da motar take. Ba zai iya shiga ya zauna ya tayar da ita Malam Auwalu na zaune a ƙasa ba. Sai ya jira dattijon ya shiga gida ko ya tafi masallaci. In kuma sauri ake, sai ya gaishe shi, ya saki birki, ni da shi mu tura ta har mu sha kwana, sannan ya sa takalmansa ya shiga. Da haka motar ta yi wa mutane aiki. Ta kai mata haihuwa Minjibir, ta kai amare Zakirai, ta ɗauko tsofaffi daga tasha. Bai taɓa cewa a'a ba. Inna kaɗai ce ba ta kai ko'ina ba.

Ya gwada cike bakin kududdufin. Da rani ya yi ta jido ƙasa a buhuna yana jerawa, har hanyar ta ɗan ƙara faɗi. Ruwan farko na damina ya kwashe su gaba ɗaya ya zuba a rami. Ya roƙi Inna ta koma wani ɗaki da ya samar mata kusa da titi. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, daga shi za a fitar da ita.

Wata rana ina ɗinki ya zo ya zauna a bencin shagona. Na ce masa, "Ja'afaru, abin nan fa ba shi da wuya. Lalle ne ɗan kaɗan a kwana. Ka bar ni in je wurin Baba Malam Auwalu, ni ba surukinsa ba ne. Dama don irin wannan ake aiken aboki."

"Ka je ka ce masa me?"

"In ce a ɗan matsar da shinge."

"Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ni, bai tambaye ni komai ba. Yanzu in aika masa ya sare shukar matarsa, ya ƙara min da gefen gonarsa, don na je na sayo abin da ya fi ƙarfin hanyata? Da wane bakin, Sama'ilu?"

"Da nawa. Ai na ce ni zan je."

"Bakinka nawa ne. Kowa ya sani." Ya kama hannuna. "Don girman Allah kada ka je. Luba ma ta ce za ta yi wa Gwaggo magana, na roƙe ta. In ka je, ba zan iya sake bin ƙofar nan ba, kuma ba ni da wata hanyar."

Na bar maganar. Na san shi, da gaske yake.

Shi kuwa Malam Auwalu, kullum da safe sai ya share gindin darbejiyar har ƙarƙashin motar. Ya sa ƙaya ya kewaye ta don kada awaki su hau. Ya samo tsohuwar tabarma ya riƙa rufe gilashin gaba saboda rana. Duk lokacin da Ja'afaru ya ga haka sai ya ƙara shiga damuwa, ya ce dubi yadda na mayar da dattijo mai gadi. Ya fara zancen sayar da ita, amma ya kasa, domin in ya sayar ya yarda ke nan Inna ba za ta ƙara ganin likita ba.

Da kakar bana yana cirar gyaɗa ciwon ciki ya kama shi. Ya ɗauka na wasa ne, ya yi ta shan jiƙo yana komawa gona. Ranar Litinin da sassafe Luba ta aiko a kira ni. Na same shi a kwance ya dunƙule, cikinsa ya yi tauri, ko taɓawa ba ya so a yi. Ma'aikacin lafiyar ƙauyenmu ya zo ya duba, ya ce Kano za a kai shi yanzu, kuma kada a kuskura a ɗora shi a babur. Na kira Abdulkabir, ya ce yana tashar Minjibir, ga shi nan zuwa. Maƙwabta suka cire ƙyauren zaure don mu ɗauke shi a kai zuwa titi in direba ya iso.

Na fito in je in buɗe motar, sai na ji sara daga wajen kududdufi. Da na ƙarasa na ga Malam Auwalu, ya naɗe hannun riga, adda a hannunsa, yana sarar lallen tun daga tushe. Gwaggo Aina'u na tsaye a bayansa da mayafi tana nuna masa.

"Har wancan ma, Malam. Kada madubin ya kama."

Na tsuguna na ce, "Baba, ai da an bari, za mu ɗauko shi."

"Ba za a ɗauko mijin 'yata a kan ƙyaure ba, motarsa na ajiye a ƙofata." Ya tsaya yana haki, ya dube ni. "Sama'ilu, tun ranar da motar nan ta zo nake zuba ido in ga an aiko ka. Na ce in ni na fara magana, na nuna masa kuskurensa ke nan a gaban mutane, yaron nan kuwa ba zai iya ɗauka ba. Kullum ka zo wucewa sai in gyara zama, in ce yau ne. Sai ku tura mota ku tafi."

Na karɓi addar daga hannunsa. Maza suka zo da nasu, wasu da fartanya suna baje tushen. Kafin Abdulkabir ya sauka daga babur, kwanar ta buɗe. Aikin da bai kai a dafa shayi a sha ba.

Motar ta shigo a hankali, ta wuce kududdufi, ta tsaya daidai ƙofar gida. Muka fito da Ja'afaru muka kwantar da shi a baya, kansa a cinyar Luba. Sai ga Inna ta fito dafe da sanda da kafaɗar wata maƙwabciya, da atamfar nan ta ranar farko, mayafi a kanta.

"Da ni za a je," ta ce.

Ba wanda ya yi mata musu. Na wangale mata ƙofar gaba. Ta juya baya ta zauna, na ɗaga mata ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Mota ta cika, ni babu wurina.

A can an yi masa aiki, aka ce hanjinsa ne ya huje, kuma an makara. A motar aka dawo da shi, har ƙofar gida, Malam Auwalu ne ya yi masa salla. Yanzu Abdulkabir ke zuwa ya ɗauki Inna ya kai ta asibiti duk lokacin da likita ya sa mata. In na ga motar ta sha kwanar nan ba tare da ta taɓa komai ba, sai in kawar da kai. Allah Ya jiƙan Ja'afaru, Ya yi masa rahama, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

A ranar Litinin ɗin nan da aka tafi da shi, kafin su tashi, na sunkuya ta tagar baya. Idanunsa a rufe suke, na ɗauka bai san inda yake ba. Sai ya ce, "Sama'ilu."

"Na'am."

"Muryar Inna nake ji?"

"Ita ce. Tana gaba."

"Ka ɗan kwantar mata da kujerar. Akwai wani ƙarfe a gefe, ka ja shi sama."

Na zagaya na ja, kujerar ta kwanta kaɗan, na dawo. Ya buɗe ido yana kallon katangar gidansu ta gilashi.

"Ta ina motar ta shigo?"

Na gaya masa. Ya ɗora hannu ya rufe fuskarsa.

"Baba da kansa?"

"Da kansa. Gwaggo ce ma take nuna masa inda zai sara."

Luba tana share masa gumi da bakin mayafinta.

"In mun zo wucewa ta ƙofarsa, a ce ina gaishe shi. A ba shi haƙuri, ba zan iya sauka ba."

"Za a gaya masa."

Abdulkabir ya tayar da mota. Ja'afaru ya miƙo hannu ya kama bakin tagar.

"Lallen nan kada a bari a tattake. Ka tattara wa Gwaggo, ka shanya mata."

"Zan tattara. Kai dai ka je ka dawo."

"A inuwa fa, mutumina. Rana tana kashe masa launi."

"A inuwa," na ce.